Maganar da Na Faɗa wa Yayana a Filin Jirgin Delhi

A garinmu idan aka ce maka "ina gajiya?" amsa ɗaya ce: "ba gajiya." Ko daga fadama ka fito da laka har gwiwa, ko kwana ka yi kana ban ruwa, haka za ka amsa. Da wannan na tashi, har na ɗauka namiji ba ya gajiya, sai dai ya ji jikinsa ya yi nauyi ya kwanta, gari ya waye ya tashi garau. Abin da zan ba da labari ya faru a watan Janairun 2019, kuma har yau idan na tuna sai in ji maƙogwarona ya ɗaure. Na rubuta shi ne domin masu raka marasa lafiya ƙasar waje. Na ga ana tanadin kuɗi, ana tanadin biza, ana tanadin magani, amma ba wanda ke tambayar ɗan rakiya ko ya runtsa.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Auyo, kusa da Kogin Haɗeja. Baba ya rasu ina shekara shida, ni ne auta. Yayana ya girme ni da shekara goma sha bakwai, kuma shi na buɗe ido na gani a matsayin uba. Shi ke goya ni a bayan kekensa zuwa firamare. Da na samu Kwalejin Ilimi ta Gumel, buhunan shinkafarsa ya kai kasuwa ya biya mini, shi da bai wuce makarantar allo ba. Bai taɓa kirana da sunana ba, Auta yake ce mini, har bayan na zama malamin makaranta na yi aure.

Ciwon ya fara ne da kumburin ƙafa. Muka ce sanyin fadama ne, aka jiƙa saiwoyi. Daga baya fuska ta kumbura, abinci ya daina shiga, mutumin da ke huɗar kadada guda da shanu ya koma ba ya iya zuwa masallaci sai ya huta a hanya. A asibiti aka ce ƙoda ce, duka biyun. Wannan ba baƙon abu ba ne a yankinmu. Daga Haɗeja har Gashuwa da wuya ka samu unguwar da ba ta binne wani saboda ƙoda ba, wasu na zargin ruwan sha, wasu maganin feshi, wasu zafin rana da ƙarancin shan ruwa a gona. Aka ɗora shi a kan wankin ƙoda a Kano, sau biyu a mako, awa huɗu yana kwance jininsa na zagayawa cikin na'ura. Muka san hanyar Gujungu da Gezawa kamar tafin hannunmu. Shanun huɗa suka tafi, babur ya tafi, sannan ambaliyar daminar 2018 ta zo ta kwashe shinkafar da muka sa rai a kanta.

Ni na kawo maganar dashen ƙoda. Wani ɗan garinmu an yi masa a Indiya ya dawo yana harkokinsa, shi ya haɗa mu da asibitin. Aka gwada jinina ya dace. Ranar da na gaya wa Inna, ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Ɗaya na kwance, kana so in kwantar da na biyu da hannuna?" Sai bayan kwana uku ta kira ni ta sa mini albarka. Matata na da ciki wata bakwai, ba ta ce komai ba, ta dai riƙa ninke mini kaya tana sake warwarewa. Muka sayar da gonar gado ta bakin hanya, 'yan uwa da mutanen gari suka yi karo-karo, aka yi shela a masallacin Juma'a. Aka tara dala dubu 15, lokacin dala na kan naira 360. Kowa ya gan ni sai ya ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka, ka cika ɗan halak." Ni kuma in ce ai ba komai. Wannan "ba komai" ɗin da "ba gajiya" uwarsu ɗaya.

Makonni biyun ƙarshe ban zauna ba. Abuja neman biza, Kano karɓar sakamakon gwaji, katin rigakafin shawara, da ɗigon foliyo wanda Indiya ke buƙata a lokacin daga duk wanda ya fito daga Najeriya. Na shiga Ƙofar Wambai na sayo mana rigunan sanyi na gwanjo, don an ce Delhi ana sanyi a Janairu. Tawa baƙa ce, mai kauri, ta yi mini yawa.

Ranar Litinin aka yi wa Yaya wankin ƙarshe. Likita ya ja ni gefe ya ce kada ya wuce Alhamis ba a sake yi masa ba, kada ya sha ruwa fiye da ƙima, ban da gishiri, ban da ayaba da lemo, kuma kada a danne hannun hagu inda aka haɗa masa jijiya. Talata da asuba muka kama hanyar Abuja. A Kaduna muka bar mota muka shiga jirgin ƙasa daga Rigasa, saboda tsoron masu garkuwa da mutane a wannan hanya. Muka kwana a shagon wani ɗan garinmu. Na ce muka kwana, amma Yaya ne ya ɗan yi gyangyaɗi a jingine, don ba ya iya kwanciya miƙe. Ni kuwa dalolin suna ɗaure a ƙuguna, duk motsin da na ji a waje sai in dafa su. Dare na uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Laraba da rana jirgi ya tashi. Ban taɓa shiga jirgin sama ba, Yaya ma haka. Da ya fara gudu a kan titinsa, Yaya ya kama hannuna ya matse, ina jin yana karanta addu'ar hawa abin hawa a hankali. Kunnuwana suka toshe. Na leƙa taga na ga duwatsun Abuja sun koma kamar tsakuwa, daga nan hazo ya rufe komai.

Wata irin gajiya ce wannan da ban san ta ba. Gajiyar gona tana zuwa da gumi, tana zuwa da yunwa, kuma barci ke biye da ita. Ta jirgi a zaune take samunka. Ba ka ɗauki komai ba, ba ka sari komai ba, amma ƙarar injin tana cikin ƙoƙon kanka ba ta tsayawa, iskar ciki busasshiya ce ta fi ta hunturu, leɓe ya tsage, ido ya yi yaji, gwiwa ta tokare da kujerar gaba. Ƙafafuna ni mai lafiya sai da suka cika takalmi, balle na Yaya. Kafin mu yi awa uku na cire masa takalman, na danna yatsa a kan idon sawunsa, ramin ya zauna bai taso ba. Aka kawo abinci a 'yan faranti, na buɗe nasa na ɗanɗana na ji gishiri, na rufe. Gurasar da matarsa ta gasa masa ba gishiri na ba shi. Yana ta kallon ma'aikaciyar jirgi tana wucewa da ruwa da lemo. "Auta, ko kurɓi ɗaya." Ina zuba masa a murfin gora, ya jiƙa baki, ya lumshe ido. Bayan minti ashirin ya sake cewa, "Auta." Ban ƙirga sau nawa ya kira ni a wannan tafiya ba, amma na san akwai lokacin da sunan ya fara yi mini nauyi a kunne, kuma na ji kunyar hakan, na danne.

Wajen awa biyar muka sauka Adis Ababa, dare ya yi. Birnin a kan tudu yake, sama da mita 2,300, kuma sanyin da ya tare mu a ƙofar jirgi ya shiga har ƙashi. Yaya ya fara haki tun kafin a kawo keken marasa lafiya. Filin jirgin Bole cike yake da mutane iri-iri, kowa na jan akwati, kowa na sauri, lasifika na magana ba ƙaƙƙautawa. Na ga wasu Hausawa masu zuwa Umara, na ji kamar in bi su, amma ƙofarsu daban. Na samu wurin salla na haɗa mana Magariba da Isha, Yaya ya yi taimama ya yi tasa a zaune. An ce za mu tashi kafin sha biyun dare. Sai allo ya canza, aka ce hazo ya rufe Delhi, a jira. Muka jira a kan kujerun ƙarfe. Na lulluɓa wa Yaya bargo, na ɗora masa jakar takardunmu a cinya, wata 'yar jaka mai zif da ke ɗauke da wasiƙar asibiti, katunan rigakafi, sakamakon gwaje-gwaje, da lambar wayar tafintan da zai tare mu. Na ce, "Yaya, riƙe wannan." Na tuna wannan sarai. Abin da ya biyo baya ne ban tuna ba.

Sai wajen uku na dare agogon Habasha muka tashi. Wannan zangon ya fi na farko tsawo, ya haura awa shida. Aka kashe fitilu, mutane suka rufe fuska suka yi barci, ni idona biyu. Duk sanda barci ya fara ɗaukata sai in ji numfashin Yaya ya canza, in zabura. Ruwa ya fara taruwa masa a ƙirji, yana numfashi kamar mai busa a cikin ƙwarya. Na riƙa lissafi: idan ya cika a nan fa, tsakanin sama da teku? Wa zan gaya wa? Da wane baki zan gaya wa Inna? Can na ɗaga murfin taga, sai na ga gari ya waye, haske ja ya kwanta a kan gajimare. Na duba agogon hannuna, wanda ban taɓa ba tun daga gida, ya ce uku da rabi na dare. Na rasa wanda zan gaskata. Na ta da Yaya muka yi Asuba a zaune, ban san inda muke fuskanta ba, zuciyata ba ta kwanta da sallar ba amma ba yadda zan yi.

Da tsakar rana muka sauka Delhi, ranar Alhamis. A gida lokacin bakwai da rabi na safe, don Indiya ta riga mu da awa huɗu da rabi. Rana ba ta fito ba, sararin duk toka-toka, kuma akwai wani ƙauri kamar na bola da aka ƙona. Wani saurayi siriri ya zo da keke ya ɗauki Yaya. Muka yi ta tafiya a kan darduma, tafiyar da ba ta ƙarewa, ƙasa na yi mini lilo kamar ina cikin kwalekwale. Ina jin Turanci, ina koyar da shi ma, amma na jami'in shige da fice bai shiga kunnena ba. Sau uku yana maimaitawa kafin na gane wasiƙar asibiti yake nema da katin rigakafi.

Na juya na ce, "Yaya, kawo jakar."

Ya duba cinyarsa, ya ɗaga bargon, ya shafa gefen keken. Ba jaka. Na zazzage jakar hannu a ƙasa, gurasa da magunguna suka watse. Layi ya taru a bayanmu, ana kallonmu. Na hango komai a lokaci ɗaya: za a mayar da mu, gonar gado ta tafi a banza, Yaya ba zai kai gida da rai ba. Sai na ji murya ta fito daga bakina da ƙarfi, da Hausa, a tsakiyar mutanen da ba wanda ke jin ta sai shi kaɗai.

"Yaya, abu ɗaya na ba ka ka riƙe, ɗaya tak! Na bar aikina, na bar matata da tsohon ciki, na ɗauko ƙodata zan ba ka, amma takarda ta gagare ka riƙewa?"

Bai ce komai ba. Ya kalle ni kallo ɗaya, sannan ya sunkuyar da kai yana duban hannuwansa da suka kumbura. Ya ɗaga na dama a hankali ya gyara zaman hularsa, kamar yadda yake yi idan babba ya yi masa faɗa. Mutumin da ko ɗaga murya ban taɓa yi a gabansa ba.

Saurayin mai keken ne ya taɓa mini baya. Ya nuna ƙasan rigar sanyina. Na kai hannu, sai na ji jakar a soke a bayan wandona, ƙarƙashin riga. Ni na karɓe ta a Adis Ababa lokacin da zan kai shi banɗaki, ni na soke ta a can don kada ta ɓata. Na zauna a kanta fiye da awa shida ban ji ta ba. Har yau ban tuna lokacin da na yi hakan ba.

Aka buga mana hatimi muka fita. Tafintan namu ɗan Kano ne, ɗalibi mai karatun haɗa magunguna, yana riƙe da kwali da sunanmu. Da ya ce "Sannunku da hanya, ina gajiya?" na ce, "Ba gajiya." Ya kalli Yaya sau ɗaya ya ce wa direba asibiti kai tsaye.

Na ɗauka na san Indiya, don na sha kallonta a gidan kallo tun ina yaro. Abin da na gani ta tagar motar daban ne. Motoci na bin hagu, duk wadda ta tunkaro sai in ga kamar kanmu za ta hau. Ham ba ya tsayawa. Ga A Daidaita Sahu birjik, kore da rawaya, irin namu sak, don daga can ake kawo su. Ga saniya kwance a tsakiyar titi ba mai kora. Mutane lulluɓe da barguna suna jin wuta a bakin hanya. Idan na yi tambaya sai a kaɗa mini kai gefe da gefe, in rasa e aka ce ko a'a. Duk wannan ina ganinsa ne kamar ta cikin ruwa. Yaya na gefena, kafaɗarsa na taɓa tawa, amma bai sake cewa "Auta" ba.

Aka yi masa wanki a daren, aka cire ruwa mai yawa, numfashinsa ya daidaita. Washegari aka sallame mu zuwa masauki, wani ɗan ɗaki a hawa na uku kusa da asibitin, gado biyu da risho. Na tashi zan yi salla na fuskanci inda rana ke fitowa, yadda na saba tun ina yaro. Wani dattijo Musulmi mai kula da gidan ya kama kafaɗuna ya juya ni gaba ɗaya. A Delhi alƙibla tana yamma. Mu da ko a magana "gabas" muke ce wa alƙibla, ga ni na ba gabas baya ina kabbara. A cikin sujada na fashe da kuka, wanda ban yi ba ko ranar da aka ce ƙodar Yaya ta mutu.

Da na sallame, Yaya ya yi magana, fuskarsa na kallon bango. "Idan an sake wankin nan, ka nema mana jirgin komawa." Na ce Yaya ka yi haƙuri, gajiya ce. Ya ce, "Na sani. Amma abin da ke cikin tulu shi ke zuba idan ya karkace. Ba zan ɗauki abin da za a yi mini gori a kansa in kai shi kabari ba."

Kwana biyu muka yi haka. Ina dafa masa shinkafa ba gishiri, yana ci ya ce an gode, kamar baƙo. Ga barci ya ƙi zuwa. Sha ɗayan dare a Delhi shida da rabi ne na yamma a gida, jikina bai yarda dare ya yi ba. Sai wajen uku nake samun runtsawa, kafin in nutsa an kira Asuba. Da rana kuma, a layin gwaji, kaina ya riƙa faɗuwa. Na saka hannu a takardar da ban karanta ba, na ba mai shayi kuɗin da ya ninka nasa sau goma, dattijon nan ne ya karɓo mini canji. Likitar da ke duba masu ba da ƙoda ta auna jinina ta ga ya hau. Ta tambaye ni awa nawa na yi barci a mako guda. Na lissafa, na kasa haɗa ashirin. Ta ce jiki na da agogonsa da ke bin hasken rana, ba ya tsallake awa huɗu da rabi a dare ɗaya, kusan kwana guda yake buƙata kan kowace awa, kuma tafiya gabas ta fi wuya. Ta ce wanda ya daɗe bai yi barci ba, tunaninsa da haƙurinsa kamar na wanda ya sha abin maye ne, ba zai sani ba. Ta ce ba za ta ci gaba da gwajina ba sai na huta.

Ɗan Kanon nan, Allah ya saka masa, shi ya ce zai kwana da Yaya. Ya kai ni ɗakinsa, ya karɓe wayata, ya rufe ƙofa. Na yi awa goma sha huɗu ban motsa ba. Da na farka na ji kamar an dawo mini da kaina. A nan ne na iya duban maganar Yaya ido da ido, kuma na ga bai yi ƙarya ba. Gajiya ce ta buɗe bakin, amma ba ita ta ƙirƙiro abin da ya fito ba. Ina jin tsoro. Tun ranar da aka ce jinina ya dace nake jin tsoro. Tsoron wuƙa, tsoron kada in farka, tsoron ɗan da ke ciki ya tashi maraya kamar yadda na tashi, tsoron wata rana ɗayar da ta rage ta gaza, a yankin da ƙoda ke kashe mutane. Ban gaya wa kowa ba, domin an riga an yi mini kirari a masallaci. Na haɗiye shi na ɗora masa rashin barci da yunwa da sanyi, ya ruɓe a ciki ya fito a matsayin gori.

A daren, wajen biyu, na ji Yaya na juyi. A gida lokacin tara da rabi ne, lokacin da muke shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan Isha. Jikinmu duka biyu yana can wurin hira. Na sauko na durƙusa a gaban gadonsa. Ban sake cewa gajiya ce ba. Na ce, "Yaya, tsoro nake ji." Na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya daɗe shiru, ina jin ƙarar motoci a ƙasa. Sannan ya ce, "Da ka faɗa mini tun a gida." Na ce kunya ce ta hana. Ya ce, "Ni ma tsoro nake ji, Auta. Ba na mutuwa ba. Tsoron in tashi kai ba ka tashi ba, in koma in kalli Inna." Ya ɗora hannu a kaina. Ya ce ya yafe, amma da sharaɗi: ranar da za a tambaye ni, in faɗi abin da ke raina, ko da a'a ne, shi ba zai riƙe ni ba duniya da lahira. Muka yi ta hira har aka kira salla, hirar Baba, hirar shekarar da fari suka cinye gero, hirar kekensa da na taɓa karya wa sarƙa na ɓoye.

Dokar Indiya ta 1994 ta hana sayar da sassan jiki, saboda haka ba a dashe sai wani kwamiti ya tabbatar da dangantaka. Muka kawo takarda daga ofishin jakadancin Najeriya, aka yi gwajin jini da ya nuna uwa ɗaya uba ɗaya muke, sannan aka shigar da ni ni kaɗai gaban mutane da kyamara. Suka tambaye ni ko an tilasta mini, ko an yi mini alkawarin kuɗi. Na ce a'a. Wata mata a cikinsu ta tambaye ni ko ina jin tsoro. Na ce e, ƙwarai, kuma ina so a yi. Wannan ne karo na farko da na faɗi biyun tare, kuma shi ne karo na farko da na ji kyautar ta zama tawa.

Babban ɗan Yaya ya iso kafin aikin don ya kula da mu. Aka yi a watan Fabrairu. Ranar 23 ga wata, ana zaɓen shugaban ƙasa a gida, ni ina koyon tafiya a barandar asibiti dafe da gefen cikina. Na leƙa ta gilashi na ga Yaya da kofi a hannu, cike da ruwa, yana sha a hankali ba mai hana shi. A watan Maris matata ta haifi mace, aka raɗa suna ina saurare ta waya. A Afrilu muka dawo.

Tun daga lokacin mutane daga ƙauyukanmu kan zo wurina idan za su kai wani Indiya ko Masar. Suna tambayar kuɗi da biza, ina gaya musu abin da na sani. Amma nakan riƙe ɗan rakiyar bayan kowa ya tashi. Ina ce masa ya bar wa wani zirga-zirgar kwanakin ƙarshe ya kwanta ya yi barci, domin ba a shiga jirgi da bashin barci. Ya rataya takardu a wuya a wuri ɗaya, kada ya sauya musu wuri komai dalili. Ya sha ruwa, ya tashi ya taka a cikin jirgi, ya juya agogonsa tun kafin a sauka. Kada ya yanke wata shawara, kada ya saka hannu a kan komai a ranar da ya isa, in dai ba ta ceton rai ba ce. Sannan in tambaye shi ko yana jin tsoro. Yawanci sukan ce a'a. Nakan yi shiru in ba su lokaci. Wani yaro da zai ba mahaifiyarsa ƙoda sai da ya kai bakin zaure ya dawo ya zauna.

Yaya na nan da ransa. Ba ya huɗa yanzu, 'ya'yansa ke yi, shi yana zama a gindin tsamiya yana nuna musu inda kunya ta karkace. Maganin hana jiki ƙin ƙodar yana sha kullum, takwas na safe da takwas na dare, kuma kuɗinsa na ci mana tuwo a ƙwarya tun da dala ta tashi. Bai taɓa tayar da maganar filin jirgi ba, ko da wasa. Ni ne ban manta ba. Baƙar rigar sanyin nan ya karɓe ta tun a Delhi, ya ce ta fi tasa ɗumi. Duk hunturu ita yake sawa ya fito Asuba, ya tsaya a ƙofar gidana ya buga sau biyu ya ce, "Auta, an kira."